Saniyar Goggo Dije a Gefen Rubutu

Ran Talata ina shigowa ofis na tarar da ku kun yi cincirindo a kan kwamfuta ɗaya kuna dariya. Maryam ce ta nuna mini allo da ɗan yatsa, ta ce, "Anti Shafa, wa ya sa labarin saniya a cikin sikirif? In goge?" Na ce a bari tukuna, zan yi bayani. To ga bayanin a rubuce, don ni bakina bai kai alƙalamina ba.

Na san tunanin da kuka zo da shi daga makaranta, cewa a duk aikinmu babu abu mai sauƙi kamar rubuta sharhi. Mutum ya buga alamar nan mai kama da gidan dara, layi biyu a tsaye biyu a kwance, shi ke nan. Duk abin da ya biyo bayanta na'ura ba ta karantawa, tsallake shi take yi kamar akuya ta ga kwata. Sai ku ce abin da na'ura ba ta karantawa ai ba ya gyara komai, ba ya ɓata komai. Ni ma da wannan tunanin na zo, shekara tara ke nan.

Ofishin nan namu na Kalgo ɗaki biyu ne a lokacin. Aikinsa bai canja ba: haɗa makiyaya da likitocin dabbobi, a sanar da su ranar rigakafi da inda za a taru. Kayan aikinmu ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Tsohuwar kwamfuta mai baƙin allo wadda ba a kashewa, farantan sola biyu a kan rufi, batura a ƙarƙashin tebur, da 'yar na'urar aika saƙon waya mai koriyar fitila da ke ƙiftawa duk sa'ad da saƙo ya fita. Tagar tana kallon fadama. Da damina, idan shinkafa ta yi tsayi iska na kaɗa ta, nakan ɗaga kai daga allo in ga kamar layukan da na rubuta ne suka fita waje suna rangaji.

Wanda ya koya mini aiki shi ne Baba Ishaya, mutumin Zuru, dattijo mai furfura har a gira, wanda ya fara da gyaran rediyo kafin ya koma kwamfuta. Aikin farko da ya ba ni ƙarami ne: in rubuta sikirif da zai riƙa kwafe duk abin da ke cikin kwamfutar zuwa wani faifai daban kowace Juma'a. Sikirif dai jerin umarni ne, kamar aike: je ka ɗauko kaza, in ba ka samu ba ka dawo ka faɗa. Na rubuta layi bakwai, na gwada, ya yi aiki tun karon farko. Na juya kujera ina jiran yabo.

Ya sa tabarau, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ce, "Na'ura ta gane. Ni fa?"

Na ce, "Baba, ai a bayyane yake."

"A wurinki, yau. Bari ki je Gwandu ki ci Sallah ki dawo, mu gani ko za ki gane abin da hannunki ya haifa."

Sau biyu yana mayar da ni. Da farko na rubuta a saman kowane layi abin da layin ke yi, ya ce wannan kamar a rubuta "tulu" ne a jikin tulu. Na koma na yi dogon Turanci irin na jarrabawa, ya ce wa zai karanta wannan ga batir na kuka, ga likita a tsaye a kansa? A karo na uku ne ya zaunar da ni ya nuna mini tsarinsa, wanda shi ne kuke gani har yau. A saman kowane sikirif akwai 'yan layuka da ke farawa da alamar dara da ɗigo biyu a gabanta. A nan ake faɗin abin da sikirif ɗin ke yi, da wanda aka yi shi dominsa, da yadda ake kiransa, da abin da mutum zai yi idan ya ƙi. A can ƙasa kuma akwai ɗan umarni guda. Idan ka ce wa sikirif "taimako", sai ya juya ya karanta kansa, ya tsinto layukan nan masu ɗigo biyu kaɗai, ya jera maka su a allo. Bayani da aiki a jiki ɗaya, kamar kunkuru da ƙoƙon bayansa. Baba ya ce da can a babban fayil na takarda suke rubuta bayani. Gara ta cinye rabi, sauran rabin kuma ya tsufa a kabad alhali sikirif ɗin ya canja sau goma.

"Ki rubuta wa wanda zai zo ranar da ba kya nan," in ji shi, "kuma hankalinsa a tashe."

Ban gane maganar sosai ba sai da na je gida ƙarshen mako. A gidanmu na Gwandu akwai littattafan kakana a cikin gafaka, takardu warwara masu launin ƙasa. Na buɗe ɗaya a zaure da hantsi. Tsakiyar shafi babban rubutu ne a jere, amma gefe-gefe cike yake da ƙananan rubuce-rubuce, wasu a karkace, wasu sun haura sama kamar yaɗon kabewa a kan danga, tawada baƙa da ja, hannu uku ko huɗu daban-daban. Wani ya fassara kalma mai wuya da ajami. Wani ya ce a nan malamina ya dakata ya yi gargaɗi. Mutanen da ba su taɓa haɗuwa ba suna hira a gefen takarda, shekaru na ratsawa ta tsakaninsu. Na daɗe ina kallo har inuwar dogon yaro ta shigo zauren. Ran Litinin na koma Kalgo na ba Baba labari. Ya ce, "To madalla. Kakanki ɗan sana'armu ne, kwamfuta ce kawai bai samu ba."

Ranar da na fara ganin amfanin tsarin da idona, ni da Baba mun tafi Kambaza gyaran sola, sai ga sanarwar gaggawa ta zo ofis. Malama Rahila sakatariya, wadda ba ta taɓa rubuta umarni ko ɗaya ba, ta buga "taimako", ta bi layukan ɗaya bayan ɗaya, saƙo ya fita. Da muka dawo ta ce, "Ashe abin naku magana yake yi, kuke ta yi mana kuri!" Tun ranar nake tuna fuskarta idan zan rubuta sharhi. In ba za ta gane ba, ban gama ba.

Sai dai Baba yana da hali guda. Yana yawo da farin salatif da biro a aljihu, duk abin da ya ga dama sai ya liƙa masa "Kar a taɓa". Akwai a jikin butar shayi, akwai a makunnin fanka, akwai a bayan kujerarsa. Na taɓa butar, ba abin da ya faru. Na kunna fankar, iska kawai ta bayar. A hankali na ɗauka cewa "kar a taɓa" na Baba ma'anarsa Baba ne ya riga kowa zuwa wurin. A cikin tsofaffin sikirif ɗinsa ma, waɗanda ya rubuta kafin ya ƙirƙiro tsarin ɗigo biyu, kalmomin nan uku suna nan birjik. Kullum yana cewa zai koma ya yi musu bayani. A shekarata ta huɗu ya yi ritaya, ya koma gonarsa a Zuru, bai koma kansu ba.

Shekarar da ya tafi ita ce shekarar ciwon huhu. Bayan kaka ya ɓulla. Saniya ta fara tari, ta tsaya da wuya a miƙe tana jan numfashi kamar mai jan guga, kafin a ankara ta kwanta. Allurar rigakafi kaɗan ta zo, ayarin likitoci ɗaya ne, kowane yanki kwana ɗaya aka ba shi.

Wata rana da safe Dakta Lawal, shugaban ayarin, ya shigo da jadawali. Yankin Dalijan saura kwana shida. Na zuba sanarwa a na'ura, fitila ta yi ta ƙiftawa, saƙonni suka fita. Amma a ƙasan allo aka rubuta cewa na wasu rugage a bayan Dalijan suna jira.

Dakta ya leƙo ta kafaɗata. "Jiran me, Shafa'atu? Shanu na mutuwa, na'urarku na jiran a kawo mata goro?"

Na buɗe sikirif ɗin, mafi tsufa a ofis. A tsakiyarsa na ga layi huɗu da ke cewa idan lambar ta waɗannan rugage ce, a riƙe saƙon sai wata rana a cikin mako, ƙarfe takwas na safe. A samansu alamar dara, da "kar a taɓa". Ba ƙari. Na kira wayar Baba sau biyu ba ta shiga ba. Na ce a raina wataƙila saura ne daga zamanin da na'urar ba ta iya aika saƙo da yawa a lokaci guda. Na goge layukan huɗu. Koriyar fitila ta ƙifta, saƙon ya fita, allo ya ce an aika.

"Kin gani?" in ji Dakta. "Aikin minti ɗaya."

Har da sharhi na rubuta a wurin, mai tsabta, yadda aka koya mini: an cire jinkirin da ba shi da dalili.

Ranar rigakafi na bi ayarin don rubuta sunaye. Aka kafa tebur a gindin wata babbar tsamiya. Mutanen bakin hanya suka kawo shanunsu tun da sassafe, aka yi musu. Amma rugar Ardo Manu da rugage biyu da ke bayanta, ko ƙaho ɗaya ba mu gani ba. Muka jira har azahar. Ƙanƙarar akwatin magani ta narke, allurar da aka haɗa kuwa ba ta kwana. Aka ƙarar da abin da ya saura a kan waɗanda suka zo a makare, aka naɗe tebur. Da la'asar ni da Dakta muka bi sawun shanu zuwa rugar Ardo.

Maza sun fita da garke. Muka tarar da matar Ardo, Goggo Dije, tana wanke ƙore a bakin bukka.

"Sannu da gida, Goggo."

"Lahiya lau, ɗiyata. Mi ya kawo Likita ba sanarwa?"

"Goggo, ba ku samu saƙo ba? Yau aka yi rigakafi a gindin tsamiya."

Ta saki ƙwaryar da ke hannunta a ruwa. "Wane saƙo?"

Ta shiga bukka, ta sauko da wata 'yar ƙwarya daga jere, ta ɗaga faifan da ya rufe ta. Ga waya a ciki, naɗe a ƙyalle, a mace. "Ga ta nan, kwana takai. Ran kasuwa ɗai taka tashi."

Ashe waya ɗaya ce tak ga rugagen nan uku, kuma babu inda za a yi mata caji. Ranar kasuwa Goggo kan ɗauke ta tare da nono, ta bar ta a rumfar mai caji. Kafin ta sayar da nononta wayar ta cika, mai cajin ya kunna ya karanta mata abin da ya shigo. "Shekaranjiya na kai ta," in ji ta, "yac ce babu komi."

A nan tsaye na yi lissafin kwanakin. Saƙon waya idan bai tarar da mai shi ba, kwana biyu yake yi a hanya yana jira, daga nan ya mutu. Ni na sake shi kwana huɗu kafin kasuwa. Layukan Baba huɗu riƙe shi suke yi sai safiyar kasuwa, daidai lokacin da wayar ke farkawa.

"Tsohon nan mai tabarau ya san haka," in ji Goggo. "Nan yaz zamna inda kike, yash sha nono, yat tambaye ni yaushe waya ka tashi." Ta dube ni sama da ƙasa. "Ke ɗiyar Gwandu ta, ko? Fillanin gari. Kun san littahi, ba ku san ran kasuwa ba."

Da dariya ta faɗa, har ta miƙo mana ludayi. Amma idonta yana bayan bukka. Can a turke akwai farar saniya irin gudali mai saukakken leɓe, ba ta bi garke ba don ba ta daɗe da haihuwa ba, 'yar maraƙarta na jingine da ita. Goggo ta ce jikar saniyar da mahaifinta ya ba ta ce ranar da aka kai ta ɗaki. Ta juya ga Dakta. "Likita, ko wagga ɗai ka yi mata."

Dakta ya buɗe akwati ya nuna mata, ba komai sai ruwan ƙanƙara. Ya ce sabuwar allura sai bayan mako uku, kafin nan a raba shanun da mashayar da kowa ke sha. Goggo ta gyaɗa kai. Rani ne, mashaya ɗaya ce a yankin, duk mun sani.

Washegari aikin da na fara yi shi ne maido da layukan huɗu. A faifan Juma'a na same su, wanda sikirif ɗina na farko ya kwafe. Ina cikin haka Baba ya kira, ya ce yana gona ne kwanakin nan, can ba sabis. Na gaya masa komai. Ina jin kaji a bayansa.

"Laifina ne, 'yata," in ji shi. "Na kafa shinge, ban ce akwai rijiya a bayansa ba."

Na ce, "Ni ce na tsallaka, Baba."

"To mu raba. Ki rubuta abin da ban rubuta ba."

Makonni ukun nan na yi su ina bin tsofaffin sikirif ɗinsa ɗaya bayan ɗaya. Duk inda na ga "kar a taɓa" sai in kira shi da yamma idan ya dawo gona in tambayi dalili. Wasu ya tuna nan take. Wasu ya ce shi ma bai sani ba, sai na bi sawu da kaina. Biyu daga ciki babu komai a bayansu, irin na butar shayi ne. A nan na koyi cewa sharhi ba wurin ba da umarni ba ne, umarni na na'ura ne. Mutum dalili yake so. Na kuma koyi cewa sharhi na iya yin ƙarya da murya mai daɗi, kamar nawa da ya ce jinkirin ba shi da dalili, alhali abin da ya kamata in rubuta shi ne ban san dalilinsa ba. Da na rubuta haka, wataƙila da hannuna ya tsaya.

Da allura ta zo, saƙo ya fita da safiyar kasuwa, mai caji ya karanta wa Goggo. Ranar rigakafi tun kafin mu kafa tebur gindin tsamiya ya cika da shanun rugagen uku. Aka yi wa mafi yawansu, suka tsira. Amma ciwon ya riga ya leƙa. Goggo ce ta zo a ƙarshe, tana janye da 'yar maraƙa ita kaɗai. Uwar ta fara tari mako guda bayan zuwanmu, da ta kwanta aka yanka ta.

"Ga ɗiyarta," in ji Goggo. "A yi mata."

Bayan an gama na zauna kusa da ita a saiwar tsamiya. Na fito da takardar da na buga, na ce zan karanta mata abin da na rubuta a cikin na'ura don kada a sake. Na karanta:

#: Saƙon rugagen bayan Dalijan ana riƙe shi sai safiyar kasuwa.
#: Waya ɗaya gare su, a kashe take sai ranar da Goggo Dije ta kai ta caji.
#: Saƙon da ya wuce kwana biyu a hanya mutuwa yake yi.
#: Kafin ka canja wannan, je ka tambaye su yaushe wayar ke tashi.

Ta saurara har ƙarshe, tana shafa kunnen maraƙar. Ta ce, "Shi ke nan? Ba ki sa ta ba."

"Wa, Goggo?"

"Wadda tat tahi. Wanda za shi karanta wanga, in bai san abin da anka rasa ba, gogewa za shi yi awa yadda kinka yi."

Na ɗora takardar a gwiwa, ta faɗa, na rubuta. Shi ne layin da kuka gani kuke dariya:

#: An taɓa cire wannan sau ɗaya. An rasa farar saniya mai ba da nono har da rani.

Tun daga lokacin, kowace shekara bayan kaka nakan je rugar in zauna inda Baba ya zauna, in sha nono, in tambayi yaushe waya ke tashi. Idan amsar ta canja, a zama ɗaya zan gyara umarnin da sharhinsa, don sharhin da aka bari a baya ya fi rashinsa haɗari. Har bara dai amsar ba ta canja ba. Na ji an ce ɗan Ardo ya sayo fitila mai sola wadda ke cajin waya, to wataƙila bana ta canja.

Don haka Maryam, amsar tambayarki tana ruga, ba a wurina ba. Ran Asabar ki sa takalmin tafiya. Za ki ga maraƙar nan ta zama uwa, fara ce kamar wadda ta haife ta. Ki gaida Goggo, ki bari ta tsokane ki, sannan ki tambaye ta. In ta ce wayar ta daina kwana, ki dawo ki cire jinkirin da hannunki, ki rubuta a gefe wanda ya gaya miki da ranar da ya faɗa. Layin saniyar kuwa ita za ki tambaya, ba nawa ba ne.

Kafin nan, duk safiyar kasuwa da ƙarfe takwas nakan ajiye abin da nake yi in dubi koriyar fitila. Na'ura kan sauko layi bayan layi, ta zo daidai wurin ta tsallake, saƙo ya fita ya ratsa fadama. Ba ta san akwai saniya a tsaye a gefen ba. Mu ne muka sani.